Edita Mai Guga da Kwalar Mai Kamfani

Shekara goma sha takwas ke nan bango ɗaya ne tsakanina da Edita. Shi yana wanki da guga a cikin shago, ni ina faci a rumfar da na jingina da bangonsa. Hayaƙin gawayinsa yana shigo mini, ƙarar injin iskata tana shiga masa, kowa ya haƙura da ɗan'uwansa. Don haka in na ce na san mutumin nan, to na san shi har tarinsa.

Dogo ne siriri, in ya sa riga sai ka rantse har yanzu a jikin hanga take. Yana da tabarau mai hannu ɗaya, ɗaya hannun zare ne ya ɗaura ya zagayo da shi bayan kunne. Bai taɓa aiki a gidan jarida ba, ko ƙofar wurin bai sani ba. Sunan ya samo shi ne daga takardar da yake naɗe wa mutane kaya.

Duk masu guga sun koma leda, shi ya ƙi. Ya ce leda tana sa kaya gumi, tana kashe sitaci. Tsofaffin jaridu yake saye a kilo wurin wani masinjan ofis, duk ƙarshen wata a kawo masa ɗauri guda a bayan keke. Jaridun kuwa sun kwana biyu, wasu wata uku, wasu har shida. Kafin ya naɗe kaya a cikin shafi sai ya karance shi tas, yayin da dutsen guga ke ɗaukar zafi. Matsalar ita ce Edita ba ya iya karanta abu ya yi shiru. Da farko ni ne nake shan wahalar. Ina tsakiyar neman huji a tiyub sai in ji ta taga, maƙwabci ka ji wannan. Da na gaji sai na koyi dabara, yana buɗe baki ina tayar da injin iska. Bayan sati biyu ya je ya sayo jan biro, ya koma rubuta ra'ayinsa a gefen labarin.

Siyasa ba ruwansa da ita, ya ce jaridar bana da ta bara duk magana ɗaya 'yan siyasa suke yi. Shafin fasaha yake so, da na manyan 'yan kasuwa, da na mawaƙa. Wannan kuwa mutum ne da wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure ta da roba don kada batirin ya faɗo. Amma ba wayar da za a ƙera a duniyar nan ta wuce bai yanke mata hukunci ba.

Da ya ga labarin wayar da ake ninkewa kamar littafi, ga abin da ya rubuta: "Ninki sana'ata ce. Duk abin da ake ninkewa kullum a wuri ɗaya, a nan zai yage. Ku tambayi karin wando." A kan motar da ke tuƙa kanta ya tambaya, in ta buge mutum wa za a fito da shi daga ciki a zaga. Da aka zo kan na'urar nan da ake yi wa tambaya tana amsawa ko ta sani ko ba ta sani ba, sai ya rubuta cewa wannan ba sabon abu ba ne, suna da irinta a dangi, wan matarsa ne, kuma shi ko caji ba ya buƙata.

Mawaƙa ma ba su tsira ba. Wani yaro da ake yayi, Edita ya ce an zuba wa muryarsa sitaci, ta tsaya ƙyam ba ta lanƙwasa. Na ce Edita, ka ji waƙar kuwa? Ya ce ba sai ya ji ba, ai ya ga wandon. Wata kuma aka ce tana da mabiya miliyan biyu a waya, ya rubuta a ƙarƙashin hotonta cewa ina za ta da su, in ta isa ta faɗi sunan goma.

Manyan 'yan kasuwa kuwa da kwalar riga yake auna su. Ba ya duba abin da suka mallaka, wuyansu yake kallo. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne attajiran nan na kamfanonin waya da ke hawa dandamali da riga mai gajeren hannu ba guga, kamar an tashe su daga barci. Ya ce ko dai rowa ce ko rashin mafaɗi, kuma mutumin da bai iya kula da wuyansa ba kada ka ba shi ajiyar ko allura.

Tunda labaransa sun kwana, takan kwaɓe masa. Ran nan ya fito da dutsen guga a hannu yana gargaɗin 'yan babur da ke jiran faci, wai akwai wata sabuwar waya da za ta fito, kada wanda ya saya don ba za ta yi ƙarko ba. Biyu daga cikinsu suka zaro ta daga aljihu, ta ɗaya ma gilashin har ya fashe. Edita ya dubi fasasshen gilashin, ya ce to kun gani, ya koma ciki.

Ni na ɗauka rubutun nan a kwandon shara yake ƙarewa. Ashe mutane suna karantawa. Wata nas mai ritaya a layin baya ita ta fara, ta dawo da jaridar a cikin kayan datti, ta rubuta masa amsa da koren biro cewa bai san komai a kan waƙa ba. Edita ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ƙara nasa a ƙasa, ya naɗe kayan wani malamin makaranta a cikin shafin, shi kuma ya dawo da shi da nasa ra'ayin da fensir. Wata huɗu nas da malamin nan suna musu a kan ko waƙar yanzu waƙa ce, ba su taɓa haɗuwa ba, Edita yana kai wa wannan yana kai wa wancan. In shafi ya cika ya liƙa masa wani da ruwan sitaci. Na ce masa, to ai wannan ita ce soshiyal midiyar da kake zagi. Ya ce sam, da bambanci. A tasa ya san gidan kowa, ya san girman wandon kowa, shi ya sa ba mai zagin uwar wani.

Sai dai duk wannan ba shi ke ɗora tukunya ba. Shekara uku da suka wuce aka buɗe wani shagon wanki na inji a babban titi, mai ƙofar gilashi da 'yan mata a kanta, ya kwashe masa ma'aikatan banki da duk masu sa kwat. Shagon Edita ya kusa mutuwa. Har wan matarsa, wanda ke da siton kayan gini, ya ce ya rufe ya zo ya riƙa share masa sito, ga tsintsiya nan tana jira. Abin da ya cece shi wani kamfani ne na 'yan babur masu kai saƙo, irin waɗanda ake kira ta waya. Yunifom arba'in, sau biyu a sati, da kuma rigunan mai kamfanin kansa. Wani dattijon direba mai tumbi shi ke kawowa ya ɗauka. Da wannan aikin ake cin abinci a gidan Edita, da shi 'yan biyunsa mata ke zuwa makaranta, da shi shagon ke buɗe. Mai kamfanin kuwa Edita bai taɓa ganinsa ba. Direba maigida kawai yake cewa, shi kuma bai taɓa tambayar suna ba.

To, wata Talata da safe ya buɗe wani shafi mai kala, ya ga hoton wani saurayi riƙe da makirfo a wurin taro, da farar riga. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya ce nan da shekara biyar na'ura za ta karɓe duk wani aikin hannu. Edita ya tafasa. Ya matso da tabarau ya duba wuyan yaron, ya ga kwalar ɗaya gefen a tsaye, ɗaya gefen bakinsa ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya ciro jan biro. Da ya gama bai iya haƙuri ba, sai da ya zagayo rumfata ya kashe mini inji da hannunsa ya karanta mini:

"Kafin ka gyara mana duniya, gyara kwalarka. Wanda ya goge maka rigar nan, ko makaho ne ko maƙiyinka."

Na yi dariya, na ƙare wa hoton kallo, na ce yaron dai yana da kunnuwa. Ya koma shago yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata ku sani. Shafi mai kala ya fi kauri, ya fi kyau, don haka ba ya naɗe wa kowa kaya da shi sai manyan kwastomomi, girmamawa ce a wurinsa. Da la'asar ɗin ranar direba ya zo ya ɗauki kaya.

Ranar Alhamis ɗaya daga cikin 'yan babur ɗin kamfanin ya kawo mini faci. An liƙa musu sabuwar sitika a jikin akwatin da ke bayan babur, da hoton wani yana murmushi ya ɗaga babban yatsa. Kunnuwan na fara ganewa. Na tambayi ɗan babur wane ne wannan, ya ce maigidansu ne mana, mai kamfani. Na bar tiyub ɗinsa a cikin ruwa na leƙa taga.

"Edita, fito ka gaisa da abokinka."

Ya fito yana goge hannu. Ya dubi sitikar. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar, ya sake duba. Sannan ya tambaye ni, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, ko na tuna kayan wa ya naɗe da shafin nan. Na ce ni ina zan sani, amma dai shafi mai kala ne. Ya riga ya sani.

Da ni mutumin kirki ne da nan na tsaya. Amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro, sai da na fitar.

"Maƙwabci, ni tambaya ɗaya ke damuna. Wa yake goge wa yaron nan riguna?"

Sai ga Edita a zaune a kan tsohuwar taya, wanda a da ko jingina da ita ba ya yi don kada ta ɓata masa wando. Can ya ce farar riga ce mai ɗan shuɗin zare a bakin kwala, ya goge ta ya fi sau talatin. Fushi ne ya rufe masa ido.

Juma'a yunifom ba su zo ba. Litinin ma haka. Ya kira direba, ni kuma na manna kunne a taga. Direba ya ce ai abin ya wuce yadda yake zato. Mahaifiyar maigida ita ke jera masa kaya a kabad, ita ta kwance ƙunshin. Ta karanta, ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa, sannan ta sa aka manna shafin a bangon falo, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa kafin a ba shi wurin zama. Maigida kuma ya ce kada a ƙara kai ko hankici wurin mai guga sai ya zo da kansa. Kuma, direban ya ƙara da rage murya, an ga mutanen shagon gilashi sun je ofis sau biyu.

Da yammacin ranar matarsa, Maman 'yan biyu, ta zo shago. Gajeriyar mace ce, ba ta ɗaga murya, shi ya sa duk layin ke tsoronta. Ba ta zage shi ba. Ta miƙa hannu bayan kunnensa ta zare jan biron, ta jefa a jaka ta ja zif. Sannan ta zauna ta tsara masa abin da zai faɗa. Wai ya ce akwati ne ya murƙushe rigar a hanya. Ko ya ce ma'aikatan otal ne suka sake goge ta. Ko mai hoto ne bai iya ɗauka ba. Ta ce ya zaɓi ɗaya ya haddace, don ita ba za ta je ta tsaya gaban yayanta tana roƙa wa mijinta tsintsiya ba. Direba ma, Allah ya saka masa, ya aiko cewa shi zai ce ya ɗora safayar mota a kan rigar bisa kuskure. Ni ma na ce in ana so a ce ni na yi rubutun. Edita ya ce ba alƙalin da zai yarda na iya rubuta layi biyu a miƙe.

Wan matar kuwa labari ya kai masa. Ya biyo ta layin a motarsa ta ɗaukar kaya, bai ko sauko ba, ya sauke gilashi ya ce a gaya wa surukinsa ƙarfe bakwai ake buɗe sito, kuma a can ba a karatun jarida.

Tun ranar Alhamis ɗin nan kaya suka riƙa fita a cikin jaridu ba ɗigon ja. Edita yana guga ba ya ko kallon shafin, yana kifa shi kamar mai ɓoye wa yaro hoto. Layin ya yi shiru har ni abin ya dame ni, na rasa dalilin tayar da inji. Ranar Talata sai ga nas mai ritaya da kanta, ƙatuwar mace da lema, ta tsaya a ƙofa ta ce ya fito da harshensa ta gani. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce to in lafiyarsa ƙalau me ya sa aka kawo mata zannuwa a cikin takarda bebiya, ga shi ta tanadar wa mai fensir amsar da za ta hana shi cin abinci, wa zai kai masa. Edita ya ce ya yi ritaya. Ta ce ita ta san ritaya, wannan ba ita ba ce, tsoro ne. Ta ajiye takardarta a kan teburin guga ta tafi.

Laraba da hantsi wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya a gaban rumfata. Direba mai tumbi ya fito, sannan mai kunnuwa. A fili ya fi hoton yarinta. Yana sanye da riga mai gajeren hannu wadda ba ta taɓa ganin dutsen guga ba. Na ga idon Edita ya sauka a kanta, bakinsa ya fara motsi, na yi wani tari mai ƙarfi ya dawo hayyacinsa. Maman 'yan biyu tana ciki, tun ranar Litinin ta tare a shagon, ta tsaya bayan kayan da aka rataye. Ni kuma na ɗauko wani tiyub da ba abin da ya same shi, na zauna daidai taga ina duba shi.

Yaron yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaida Edita har da rusunawa. A hannu ɗaya yana riƙe da farar rigar a hanga, a ɗayan shafin jaridar, da guntun salatif a kusurwoyinsa. Ya ce shafin aro aka ba shi, tsohuwa ta ce a mayar mata kafin azahar don tana da baƙi. Ya ce shi zagi ba baƙonsa ba ne, a waya mutum dubu sukan zage shi kafin ya karya kumallo, ya kife wayar ya ci abincinsa. Amma wannan a bangon falon uwarsa yake, ba ya kifuwa. Yanzu gwaggonninsa Kwala suke kiransa, har ƙananan yaran gidan sun ɗauka.

"Baba, tambaya ɗaya na zo da ita," in ji shi. "Makahon nan ko maƙiyin, wane ne? Na yi tafiya da rigar a akwati. Direba kuma ya ce ya ɗora mata safaya. In haka ne ka faɗa, in je in gaya wa tsohuwa, magana ta ƙare."

Wato shi da kansa ya buɗe masa ƙofa. Direba yana ta gyaɗa kai kamar wuyansa zai cire. Daga bayan kaya na hango hannun Maman 'yan biyu ya riƙe wata doguwar riga tamau.

Edita ya karɓi shafin ya fito bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo. Ya karɓi rigar ma ya shafa kwalar da babban yatsa. Sannan ya fara bayani kamar mai koyar da aji. Ya ce akwati in ya ɓata riga layi yake yi mata a kwance, a ƙirji ko a baya. Safaya kuma da ta bar baƙi. Kwala daga baki ake fara goge ta a nufi tsakiya. In aka faro daga tsakiya aka tura waje, yadin sai ya taru a bakin, ya nannaɗe, ko an danne shi zai sake tashi in mutum ya yi gumi. Abin da ke cikin hoton nan ke nan.

"Wannan ba aikin akwati ba ne, yallaɓai. Hannun mai guga ne, wanda idonsa ke kan jarida. Ni ne."

Daga bayan kaya aka ji wani sauti irin na tayar da ta taka kwalba. Direba ya dafe kai ya juya yana kallon titi.

Mai kamfani ya tambaya ko ke nan ya janye abin da ya rubuta. Edita ya ce rabin ƙarshe ya riga ya amsa, ya yarda shi ne makahon, amma ba maƙiyi ba. Rabin farko kuwa yana nan, bai ga abin janyewa ba. Na ce a raina shi ke nan, gobe sai sito. Bai ma tsaya nan ba.

"Na'urar da ka ce za ta karɓe aikina, ranar da ta ɓata maka kwala, za ta tsaya a gabanka ta ce ita ce?"

"A'a," in ji yaron. "Amma ita ba za ta aika wa uwata takarda ba."

Ni dai tiyub ya suɓuce mini. Direba ya yi kamar yana tari.

Yaron ya ninke shafinsa a hankali. Ya ce yunifom za su dawo ranar Juma'a, don yaransa sun yi kwana biyar suna yi masa ƙorafin kayan shagon gilashi, wai kafin rana ta take sun yi laushi kamar tsumma. Amma a farar takarda za a riƙa naɗe su, shi zai aiko da ita, ba ya son 'yan babur su tsaya karatu a bakin titi. Rigunansa kuwa ba za su ƙara zuwa nan ba.

Edita ya ce ya ji, ya gode. Sannan ya ce alfarma ɗaya yake nema, a bar masa rigar nan ta minti goma, dutse da zafi, ya gyara kwalar a gabansa. Yaron ya dube shi, na ga kamar zai yarda. Sai ya ce a'a Baba, a bar ta haka. Ya karɓi hangarsa, ya sake rusunawa, suka shiga mota.

Maman 'yan biyu ta fito tana hamdala. Ta ce masa Allah ne kawai ya dubi yaran nan, ba wayonsa ba, ta saɓa jakarta ta tafi gida ɗora abinci. A hanya na ji ta tsaya tana kiran yayanta a waya, tana ce masa ya nemi wani ya ba tsintsiyar.

Na shiga shago da niyyar in dasa daga inda na tsaya, don na tanadi maganganu sun kai biyar. Na tarar da shi tsaye gaban tebur, dutse yana ta huci, ba komai a kan teburin. An bar masa yunifom arba'in, an ɗauke masa rigunan mai kamfani rabin dozin, amma fuskarsa kamar rabin dozin ɗin ne duka shagon. Na ce maƙwabci ai sai murna, tuwon... na ma rasa me zan ce, na ce ai an tsira. Bai kalli fuskata ba. Wuyana yake kallo.

"Cire rigar nan."

Na ce wace riga. Ya ce wadda ke jikina. Rigar aikina ce, asalinta ruwan toka, yanzu ba wanda zai iya rantsuwa a kan launinta, duk baƙin mai da tabon gam. Na ce Edita wannan ko wanki ba ta sani ba. Ya miƙo hannu kawai. Na cire na ba shi, na tsaya da singileti a bakin ƙofa, 'yan babur da ke jirana suna ta shewa.

Jikin rigar bai taɓa ba. Kwalar kaɗai ya shimfiɗa, ya yayyafa mata ruwan sitaci da yatsu, ya ɗora dutse daga baki zuwa tsakiya, ya juya ɗaya bakin ya yi haka. Ya ɗaga ta a haske, bai gamsu ba, ya sake. Sau uku. Warin tsohon mai ya cika shagon har sai da ya buɗe ɗaya tagar. Sannan ya riƙe mini ita na zura hannu, ya ɓalla mini maɓallin wuya da kansa, wanda rabon da in ɓalla shi tun ranar da na saye ta.

Kwalar ta tsaya kamar kwano. Na gwada juya wuya, ta yanke ni a haɓa. Ina fitowa wata mota ta shigo da taya a kwance, mai ita yana sauri. Na durƙusa zan duba, sai na ji Edita daga bakin ƙofa yana cewa kada in kuskura in lanƙwasa wuya. Haka na kwance tayar nan ina kallon gaba kamar soja a fareti, da hannu na lalubo ƙusar.